Awa 14 a Singafo ranar Juma'a: ta ina baƙo zai fara?

Mai_Neman_Sani ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni sanin hanya. A wata mai zuwa, in Allah ya yarda, zan yi doguwar tafiya zuwa wani taro na aiki, kuma tikitin da aka yankar mini ya nuna cewa jirginmu zai yada zango a filin jirgin sama na Changi da ke Singafo. Za mu sauka da misalin ƙarfe 6:30 na safiyar Juma'a, jirgin da zai ci gaba da mu kuma ba zai tashi ba sai ƙarfe 9:00 na dare, wato ina da fiye da awa 14 a hannuna.

Da farko na yi niyyar in nemi kujera a wani lungu in rama barci. Amma da na karanta cewa a wannan ɗan tsibiri Sinawa da Malayawa da Indiyawa suna zaune tare, kowa da harshensa da addininsa, har gwamnati ta amince da harsuna 4 a hukumance, sai raina ya ƙi yarda in zo bakin ƙofar irin wannan gari in juya ban leƙa ba. Ba sayayya nake so ba, kuma dogayen benaye ba su dame ni ba. Abin da nake marmarin gani shi ne yadda mutanen da asalinsu ya sha bamban suke cuɗanya a kasuwa da titi da wuraren ibada.

Shin wannan lokaci zai isa mutum ya fita ya dawo ba tare da fargabar jirgi ya tafi ya bar shi ba? Idan zai isa, wace unguwa ce ta fi cancanta? Sannan ina ne zan samu sallar Juma'a da abincin halal cikin kwanciyar hankali? Allah ya saka da alheri.

Hajiya_Matafiya ta rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam. Lokacin zai isa har ya yi saura, muddin ka yi lissafinsa da gaskiya tun kafin ka fita. A cikin awa 14 ɗin nan, cire awa 1 zuwa 2 na saukowa daga jirgi da bin layin jami'an shige da fice da ajiye ƙaramar jakarka a wurin ajiyar kaya na filin jirgin, sannan ka cire awa 3 na ƙarshe, domin ya kamata ƙarfe 6:00 na yamma ta same ka a Changi. Tafiya da dawowa a jirgin ƙasa na cikin gari, wanda suke kira MRT, za ta ci maka kamar minti 40 kowace fuska, tare da sauya jirgi a tashar Tanah Merah. Abin da ya rage naka ne, kuma ba kaɗan ba ne.

Ni shawarata ita ce ka nufi Kampong Glam kai tsaye, ka sauka a tashar Bugis ka ƙarasa da ƙafa. Wannan ita ce unguwar da aka keɓe wa Sarkin Musulmin Malayawa, Sultan Hussein Shah, da jama'arsa bayan wani jami'in Birtaniya mai suna Stamford Raffles ya kafa sansanin cinikin Ingilishi a tsibirin a 1819, kuma a can ne Larabawan Hadramaut da Bugisawa da mutanen Java, daga tsibiran da suke Indunusiya a yau, suka zauna. Sunayen titunan ma sun isa su ba ka labari, akwai titin Arab, da titin Baghdad, da titin Bussorah wato Basra, da titin Muscat. Akwai kuma wani siririn lungu da ake kira Haji Lane, domin a zamanin jiragen ruwa Singafo ce matattarar alhazan tsibiran yankin, a nan suke sauka su jira jirgin da zai kai su Jidda.

A tsakiyar unguwar Masallacin Sultan yake. An fara gina shi a 1824, ginin da yake tsaye yanzu kuma an kammala shi a 1932, yana ɗaukar masallata kusan 5,000. Idan ka tsaya a ƙarshen titin Bussorah, inda itatuwa masu kama da dabino suka jeru hagu da dama, ka ɗaga kai ka dubi ƙubbar nan mai ruwan zinariya, za ka ga wani baƙin zobe ya kewaye gindinta. Na daɗe ina kallonsa ina zaton wani dutse ne mai tsada, sai wata dattijuwa da muka haɗu a wurin alwala ta ce mini gindin kwalabe ne. Lokacin da ake sake ginin, talakawan Musulmi da ba su da kuɗin bayarwa sun kawo kwalabe, aka yanke gindinsu aka jera su a ƙarƙashin ƙubbar domin kowa ya samu rabonsa a aikin. Wallahi tun daga ranar ban sake kallon masallacin da ido irin na da ba, kuma ina roƙonka kada ka wuce ba ka tsaya ka duba ba.

Game da abinci, kada ka damu ko kaɗan a wannan unguwa. A bayan masallacin, a titin North Bridge, akwai gidajen abinci na Musulmin Indiya da suka daɗe suna sayar da murtabak, wato wata waina mai faɗi da ake cusa wa nama da ƙwai da albasa, da kuma shinkafar biriyani. Za ka ga mai shayi yana ɗaga kofi sama yana zuba shayin madara cikin wani kofin har ya yi kumfa, shi ne teh tarik. Bayan Juma'a, idan ƙarfinka bai ƙare ba, unguwar Indiyawa tasha 2 ce kacal daga Bugis. Amma ka sani garin yana dab da layin da ya raba duniya biyu, zafi da gumi ba sa ɗaga ƙafa duk shekara, kuma sau da yawa ruwan sama mai tsawa yakan sauko da la'asar. Ka riƙe laima da gorar ruwa, ka sa takalmin da za ka iya cirewa cikin sauƙi.

Malam_Mai_Tarihi ya rubuta:

Hajiya ta yi bayani mai gamsarwa, Allah ya ƙara ilimi, kuma ban da abin da zan ƙara a kan lissafin lokaci. Sai dai ina da ɗan saɓani da ita a kan inda ya kamata a fara, saboda abin da mai tambaya ya ce yana nema. Malam, ka ce kana son ganin cuɗanya. Idan ka shafe yininka a Kampong Glam za ka ji daɗi ƙwarai, domin za ka kasance cikin 'yan'uwa Musulmi, amma jama'a ɗaya ka gani. Haka kuma idan ka yi ta tsere daga unguwar Malayawa zuwa ta Indiyawa zuwa ta Sinawa, kana ɗaukar hoto a kowace, za ka koma da tunanin cewa kowace ƙabila tana zaune a keɓe cikin ganuwarta, alhali ba haka garin yake ba yau.

Waɗannan unguwanni sun samo asali ne daga tsarin gari na 1822, wanda Turawan mulkin mallaka suka raba wa kowace jama'a yankinta. Singafo ta samu cikakken 'yanci a ranar 9 ga Agusta, 1965, kuma shekara guda kafin nan, a Yulin 1964, an yi mummunan rikici tsakanin Malayawa da Sinawa wanda ya ci rayuka. Har yau makarantu suna tuna ranar 21 ga Yuli a matsayin ranar zaman lafiya tsakanin ƙabilu. Daga baya, a 1989, gwamnati ta kafa doka a kan gidajen da take ginawa tana sayar wa jama'a, waɗanda kusan kashi 80 cikin 100 na mazauna ƙasar suke ciki, ta ƙayyade iya adadin gidajen da ƙabila ɗaya za ta mallaka a kowane bene da kowace unguwa. Ƙidayar 2020 ta nuna Sinawa sun kai kusan kashi 74 cikin 100, Malayawa kusan 13 da rabi, Indiyawa kusan 9. Saboda haka zaman taren da za ka gani bai faɗo daga sama ba, an tsara shi ne da doka bayan an ɗanɗani ɗacin rashinsa, kuma akwai 'yan ƙasar da suke kukan cewa dokar gidajen takan wahalar da marasa rinjaye idan sun tashi sayar da gida. Baƙon da ya san wannan zai kalli garin da idon basira.

Don haka ni zan ce ka yi amfani da sanyin safiya ka fara da unguwar Sinawa, ka bi titi 2 kawai a hankali. Na farko shi ne Telok Ayer. A da nan ne bakin teku, kafin a cike ruwan da ƙasa, kuma a nan baƙi suke saukowa daga jirage bayan makonni a kan ruwa. Abin da kowace jama'a ta fara yi shi ne gina wurin godiya ga abin da take bauta wa. Shi ya sa a tsawon tafiyar da ba ta wuce minti 5 ba za ka tarar da wurin ibadar Sinawa na Thian Hock Keng, wanda aka gama a 1842, da Masallacin Al-Abrar na Musulmin kudancin Indiya wanda asalinsa ya koma 1827, da ginin Nagore Dargah, wanda Musulmin Indiya suka gina don tunawa da wani waliyyi. Na biyu shi ne titin South Bridge, inda Masallacin Jamae yake kusan kafaɗa da kafaɗa da Sri Mariamman, wurin ibadar Hindu mafi daɗewa a ƙasar, wanda aka kafa a 1827, can gaba kaɗan kuma ga babban wurin ibadar mabiya Buda da aka buɗe a 2007.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a Masallacin Jamae shi ne yadda aka gina shi. Ƙofarsa mai koren fenti da ƙananan hasumiyoyi 2 tana kan layin titi daidai da shagunan maƙwabta, amma da zarar ka shiga farfajiya sai ka ga ɗakin sallar ya karkace ya fuskanci alƙibla. Na zauna a barandarsa wata safiya, ina jin ƙarar ƙararrawa da ganga daga wurin ibadar Hindu, ƙamshin turaren Sinawa yana shigowa daga titi, wani tsoho Batamile, wato ɗan ƙabilar Tamil ta kudancin Indiya, kuma yana karatun Alƙur'ani a gefena bai ko ɗaga kai ba. Duk wannan a tsakiyar unguwar da ake kira ta Sinawa.

Daga nan sai ka hau jirgi zuwa Bugis da misalin ƙarfe 11:30, domin azahar a can takan yi ne wajen ƙarfe 1:00, kuma Masallacin Sultan yakan cika da wuri ranar Juma'a. Yawancin Malayawa mabiya mazhabar Shafi'iyya ne, za ka ji liman yana bayyana bisimilla a Fatiha. Huɗuba galibi da harshen Malay ake yi, amma a sahu za ka ga ɗan Bangaladash mai aikin gini kusa da ma'aikacin banki, kusa da Basine da ya musulunta.

Abu_Safiyya ya rubuta:

Ina roƙon afuwar manyana, amma akwai maganar da ya kamata ta zo gaban duk waɗannan, ita ce maganar biza. Malam, zama a cikin filin jirgi daban, shiga gari daban. Masu fasfo na wasu ƙasashe suna shiga Singafo ba tare da biza ba, wasu kuma dole su nema tun kafin su baro gida, kuma ba a bayar da ita a filin jirgi. Ka shiga shafin intanet na hukumar shige da fice ta ƙasar, ICA, ka duba matsayin fasfonka yau ɗin nan, kada ka bari sai tafiya ta matso. Kowane mai shiga kuma sai ya cike takardar isowa ta intanet cikin kwana 3 kafin saukarsa, kyauta ce a shafin hukumar, kada wani shafi ya karɓi kuɗinka a kanta. Wanda ya fito daga ƙasar da ake samun zazzaɓin shawara (yellow fever), ko ya ratsa ta cikin kwanakin da suka gabata, za a nemi katin rigakafinsa. Ko rangadin kyauta na awa 2 da rabi da filin jirgin yake shirya wa masu jiran jirgi na tsawon awa 5 da rabi zuwa 24, shi ma sai wanda ya cika sharuɗɗan shiga ƙasar.

Ka kuma tabbatar tun a inda za ka fara tashi cewa an yi wa manyan akwatunanka rajista har zuwa inda za ka sauka na ƙarshe, kuma an ba ka takardar shiga jirgi na biyu. Na faɗi haka ne domin abin ya taɓa faruwa da ni a wata tafiya. Tikitina guda 2 ne daga kamfanoni daban, ban lura ba, na fita yawo hankali kwance, da na dawo aka ce sai na nemo akwatina na sake yi masa rajista, ga layi ya yi tsawo. Ana dab da rufe ƙofa na shiga jirgi, jikina yana rawa, kuma daɗin duk abin da na gani a ranar ya gushe.

Dokokin garin ma a kiyaye su, domin ana aiki da su. An hana ci da sha a cikin jirgin ƙasa da tashoshinsa, ko da ruwa ne, kuma tarar tana iya kaiwa dalar Singafo 500. Kada ka karɓi saƙon kowa ka riƙe masa, hukuncin safarar miyagun ƙwayoyi a can yana kaiwa ga kisa. Idan kana shan wani magani mai ƙarfi, ka riƙe takardar likita.

Mai_Neman_Sani ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Abu Safiyya, na duba kamar yadda ka ce, kuma lallai ina buƙatar biza, na riga na sanar da masu shirya taron domin a fara nema. Tikitin guda ɗaya ne, alhamdu lillahi. Malam Mai Tarihi, maganarka ta shige ni, zan fara da titunan nan 2 da safe, in yi Juma'a a inda Hajiya ta kwatanta. Abin da ya rage mini shi ne wuraren ibadar waɗanda ba Musulmi ba. Ba na son in yi abin da zai ɓata wa masu wurin rai, ba na kuma son in shiga abin da bai dace da ni ba. Sannan tsakanin ƙarfe 2:30 da 5:00, shin in ƙara da unguwar Indiyawa ko in haƙura?

Hajiya_Matafiya ta rubuta:

Malam, babu wanda zai tilasta maka shiga ko'ina, kuma yawancin abin da Malam Mai Tarihi ya kwatanta daga bakin titi ma ana ganinsa. Idan ka zaɓi shiga farfajiya, ladabin bai wuce wanda kake so baƙo ya yi a masallaci ba. A wurin ibadar Hindu ana cire takalmi a ƙofa, ana so a rufe kafaɗa da gwiwa, ba a ratsawa ta gaban mai ibada, ba a kuma ɗaukar hoton fuskar mutum sai da izininsa. Idan aka miƙo maka wani abu na ibadarsu, ka ɗora hannu a ƙirji ka yi murmushi ka ce ka gode, sun saba da baƙi kuma ba sa ɗaukar hakan a matsayin raini.

Game da yamma, na yarda da Malam cewa yawan tsere ba shi da amfani, amma akwai wuri ɗaya da nake ganin ya cancanci sauran lokacinka, kuma yana bakin tashar unguwar Indiyawa. Sunansa Tekka, kasuwa ce da rumfar cin abinci a ƙasa, masu tufafi a sama. Irin waɗannan rumfuna su ne ɗakin cin abincin kowa da kowa a Singafo, har UNESCO ta sanya al'adarsu cikin jerin abubuwan gado na duniya a 2020. Masu sayarwa suna jere a ƙananan shaguna, tebura kuma na kowa ne, saboda haka za ka iya samun kanka a tebur ɗaya da tsohuwa Basiniya mai cin taliya da tsinke, da ɗan Indiya mai cin shinkafa da hannu, da Bamalayiya mai lulluɓi tana ba ɗanta abinci. Ka nemi shagon da ya manna takardar shaidar halal ta MUIS, majalisar harkokin addinin Musulunci ta ƙasar, ko wanda Musulmi ne yake da shi, kuma a Tekka suna da yawa. Za ka lura har wurin mayar da faranti an raba shi, na halal daban, na sauran daban, kuma tun 2021 doka ce kowa ya kwashe farantinsa da kansa idan ya gama.

Idan ka ga ƙullin takardar goge hannu a kan tebur babu kowa, kada ka zauna, alama ce cewa wani ya kama wurin ya tafi sayo abinci. Ka nemi kujerar da babu komai a gabanta, ka tambayi na kusa ko akwai mai ita, da Turanci za a amsa maka. Ka sayi shayi ka zauna ko da minti 40 ne, ka saurari sanarwa da hirarrakin da suke tashi da Tamil da Malay da Sinanci. Ƙarfe 4:45 ka miƙe ka nufi tasha, domin daga ƙarfe 5:30 jiragen ƙasa sukan cika da masu tashi daga aiki. La'asar kana iya yinta a Masallacin Abdul Gafoor da ke cikin unguwar, magariba kuma sai wajen ƙarfe 7:00 take yi, akwai ɗakunan salla a Changi da wurin alwala, za ka same su kafin a fara kiran fasinjoji.